Cigiyar da aka karanta ba suna: buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu shirye-shiryen Hausa a gidajen rediyon Arewacin Kamaru

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku sannu da aiki, ku da ke Garwa da Marwa da Ngaundere da Kuseri, har da takwarorinku na ƙetaren kogi a Njamena in Allah ya sa takardar nan ta kai gare su.

Ni tela ne a Garwa. Na haura shekara ashirin ina taka keke, kuma rediyona na rataye a ƙusa bisa kaina tun daga buɗe shago har kiran magariba. Ku kuke sanar da mu rasuwa da ɗaurin aure, ku kuke gaya mana kuɗin masara da na albasa, da ranar da masu rigakafi za su shigo unguwa. Muryoyinku na san su fiye da fuskokin wasu dangina. Saboda haka ku ɗauki abin da zan faɗa, a kan kalmomin da ake kiran yara masu nakasa da su, a matsayin kukan ɗan gida.

Ina da ɗa, sunan mahaifina gare shi, shi ya sa a gida Abba muke ce masa. Yana da shekara uku, cikin zafin bazara, sanƙarau ya kama shi. Muka yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ciwon ya tafi da jinsa. 'Yan kalmomin da ya fara kamawa, "Baba", "ruwa", "mota", suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, domin da kunne yaro ke koyon magana. Harshensa kuwa lafiya lau yake. In Abba na dariya, har maƙwabta sai sun ji.

Yana da shekara takwas, ana saura kwana huɗu ƙaramar Sallah, na tafi da shi babbar kasuwa sayen zare da maɓallai. Kun san yadda kasuwa take a irin ranakun nan, ba masaka tsinke. Na tsaya ciniki, na waiga, babu Abba. Wanda ɗansa ke ji yana iya ƙwala kira. Ni ba ni da wannan. Na zaga layin 'yan yadi, na zaga na 'yan takalma, har la'asar ta yi sanyi, sannan na hau babur na nufi wani gidan rediyo da ba zan ambata ba. A kan benci na rubuta cigiyar da hannuna: sunansa na yanka, shekarunsa, shuɗin kaftani mai aiki a wuya wanda ni na ɗinka masa, sannan na ce ba ya ji, da hannu yake magana, amma in aka ba shi takarda da biro zai rubuta sunansa da sunan unguwarmu. Na biya kuɗin sanarwa na fito.

Ga abin da na ji a rediyon mai babur muna hanya: ana cigiyar wani yaro bebe mai taɓin hankali, sanye da shuɗin kaya, duk wanda ya gan shi ya taimaka. Ba suna. Ba zancen takarda da biro. Taɓin hankalin kuwa ban san inda aka samo shi ba.

Sai bayan isha'i yaron shagona ya gan shi zaune a teburin wani mai shayi a bakin kasuwa. Tun la'asar yake wurin. Bawan Allahn nan ya ba shi shayi da burodi, ya hana shi tafiya don yana jiran a zo nemansa, kuma rediyonsa a kunne take. Da na tambaye shi ko bai ji sanarwa ba, sai ya ce, "Wallahi Malam na ji har sau biyu. Amma an ce mai taɓin hankali. Wannan kuwa ya taya ni wanke kofuna, har canji ya ƙirga wa wani daidai." Kusan awa biyar uwarsa na kuka a tsakar gida, ɗanta na zaune lafiya kusa da rediyon da ke cigiyarsa.

An ga Abba, amma maganar ba ta koma inda ta fito ba, magana zarar bunu ce. Kafin a sauko daga idi yaran layinmu sun raɗa masa "Beben rediyo". Shi ba ya jin kalmar, amma yana karanta leɓe, yana kuma ganin inda dariya ta dosa. Ƙanwarsa ce ke ji da kunnenta, sau biyu tana dawowa gida da yagaggen hijabi saboda faɗa a kansa. Uwarsa ta yi watanni ba ta aike shi ko sayen magi ba.

Ban riƙe wanda ya karanta cigiyar a zuciyata ba. Abin da ya taso ya ji ana faɗa ya faɗa. Ni kaina na shekara da shekaru ina cewa "bebena" in ina ba da labarinsa a majalisa, ina ganin ƙauna ce. Sai da na fara kai shi wurin manyan kurame da ke taruwa da yamma, na zauna ina koyon maganar hannu a wurinsu, wani dattijo a cikinsu ya nuna mini cewa su "kurma" suka yarda da shi, domin gaskiya ce, ba sa ji. Amma "bebe" a bakin mutane na nufin wanda ba shi da abin cewa, alhali ga shi nan muna hira tun ɗazu. A can aka ba Abba sunansa na hannu, kamar yadda kurame ke ba kowa nasa: yatsu biyu a ja su daga wuya zuwa ƙirji, wato tef ɗin awo da ke rataye a wuyan tela. Ɗan tela ke nan. Ran da aka ba shi sunan ya nuna mini ya fi sau goma kafin mu isa gida.

Na san wani zai ce wannan fi'ilin Turawa ne, Hausa ai Hausa ce, gurgu gurgu ne. To, mu duba Hausar tamu. Ba mu cewa mahaifin wani ya mutu, sai mu ce ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya. Mace mai ciki muna cewa tana da juna biyu, in ta haihu mu ce ta sauka. Matar kirki ba ta kama sunan mijinta, uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, yaron da ya ci sunan kakansa sai a sakaya a ce Abba ko Baba. Mu ne muka ce suna linzami. Harshen da ya iya wannan ladabi wa manya da matattu ba zai rasa kalma mai kyau ga yaro ɗan shekara takwas ba. Mu ne dai ba mu nema ba, don mun ɗauka yaron ba ya ji, ko ba ya ganewa, ko ba shi da mai tsaya masa.

Kuma ba ina roƙon ku goge "makaho" da "kurma" daga harshe ba ne. Alƙur'ani da kansa, a farkon Suratu Abasa, ya ambaci Abdullahi ɗan Ummi Maktum da makantarsa, amma a wane muhalli? A muhallin ɗaga darajarsa, inda aka nuna cewa zuwansa neman ilimi ya fi cancantar a juyo gare shi a kan manyan Ƙuraishawa. Daga baya ya zama ladanin Manzon Allah (SAW) tare da Bilal, kuma an sha barin Madina a hannunsa in za a yi tafiya. Malaman hadisi sun san Al-A'amash da Al-A'araj da laƙubban da suka samo daga lalurar ido da ta ƙafa. Imam Nawawi ya kawo irin wannan cikin abubuwan da aka yi rangwame a kansu don a gane mutum, da sharaɗin ba don a tauye shi ba, ya kuma ce in ana iya gane shi ta wata hanya, ita ta fi. Aya ta 11 a Suratul Hujurat kuwa ta hana mu jifan juna da miyagun laƙubba. Ai kun ga ma'aunin a fili yake. A faɗi lalura in akwai buƙatar faɗinta, a faɗe ta daidai, kada ta cinye sunan mai ita. Ata'u ɗan Abi Rabah, wanda Makka ta dogara da fatawarsa a zamanin tabi'ai, masu tarihi sun ce yana ɗingishi, hannunsa ya shanye, daga baya ya makance. Da sunansa duniya ta san shi har yau.

Akwai dai kalmomin da ba su da wani muhalli mai kyau, kuma wadda ta fi ci mini rai ita ce "ɗan ruwa". A layinmu akwai yarinyar da ta kai shekara biyar wuyanta bai tsaya ba, ba ta zama sai an tokare ta da matashi, yawu na zuba. Uwarta ta yi doguwar naƙuda a gida kafin a kai ta asibiti. Likitoci sun san wannan lalura sarai: rauni ne da ke samun ƙwaƙwalwar jariri, ko don rashin isasshiyar iska lokacin haihuwa, ko shawara mai tsanani a kwanakin farko, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya haye kai. Ba ta warkewa gaba ɗaya, amma gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi da iya zaunar da yaro da iya ba shi abinci suna sauya rayuwarsa ƙwarai. To ranar da aka ce mata "'yar ruwa", an fitar da ita daga cikin 'yan Adam ke nan. Ba wanda zai kai aljani wurin likitan gashin ƙashi. Mu da muke zaune a bakin Binuwai mun taso muna jin labaran da ake raɗawa, na kai irin waɗannan yara gaɓar kogi wai su koma wurin danginsu. Ni na ga yarinyar nan tana murmushi in ta ji muryar babanta daga zaure. Ina roƙonku don Allah, kada kalmar nan ta sake fita daga bakin mai gabatarwa, kuma in mai kiran waya ko mai tallar magani ya faɗe ta, a gyara masa nan take cikin ladabi, jama'a na ji.

Haka "mongol" da yaranmu ke kwasowa daga filin makarantar boko suna zagin juna da shi. Asalinsa wani likitan Ingila ne, John Langdon Down, wanda a 1866 ya bayyana wata lalura, ya kamanta fuskar masu ita da ta mutanen Mongoliya. A 1959 masu bincike a Faransa suka gano ainihin dalilin: ƙunshin gadon halitta da ke cikin ƙwayoyin jikin mutum guda 46 ne, su nasu 47 ne, an sami ƙari a na 21. Shi ya sa likitocinmu ke ce mata tirizomi 21. A 1965 ƙasar Mongoliya ta kai kuka ga Hukumar Lafiya ta Duniya, aka daina amfani da sunan. Shekara sittin ke nan da masu kalmar suka yar da ita, mu kuma muna nan muna tsinta. Ba laifin uwa ba ne, ba wani abu ta ci ba, ba ta tsallaka komai ba. Yaron yana koyo, a hankali dai yake koyo, don haka "dolo" da "gaɓo" da "sakarai" zalunci ne a kansa.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Mai farfaɗiya ba a ɗaukar ciwonsa ta yawu, in ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki. Yaro zabiya ba "nasara" ba ne, ɗanmu ne da fatarsa ba ta da sinadarin da ke kare ta daga rana, yana buƙatar hula da riga mai dogon hannu a wannan rana ta Garwa, da bencin gaba a aji saboda raunin gani. "Shan inna" ya zauna a baki, ba zan ce a daina ba, amma ku riƙa haɗa shi da foliyo, don sunan da ya jingina ciwon ga aljana ya taimaka wajen sa iyaye su ɓoye yara ran rigakafi. Ƙwayar cuta ce, kuma ɗigon baki ne ya kai Afirka ga ranar 25 ga Agustan 2020, da aka tabbatar ta rabu da nau'inta na asali.

Yanzu bari in taɓo wata kalma da na san kuna so, "masu buƙata ta musamman". Mun ji ta daga gidajen rediyon Najeriya, kuma da kyakkyawar niyya aka ƙirƙiro ta. In ana maganar jama'a a dunƙule, ba laifi. Amma ni ban gamsu da ita a ko'ina ba, don tana lulluɓe abin da ya kamata a gani. Da an ce ana cigiyar yaro mai buƙata ta musamman, mai shayin nan ba zai gane Abba ba, kamar yadda bai gane shi da "mai taɓin hankali" ba. Buƙatar kurma daban, ta makaho daban, ta mai keke daban. Kunyar faɗin lalurar ma wani nau'in cewa ne abin kunya ce. Na fi son a ce yaro mai lalurar ji, yarinya mai lalurar gani, yaron da ba ya tafiya da ƙafarsa. A fara da yaron. "Nakasasshe" kuwa ku saurari yadda take sauka a kunne, awonta ɗaya da "lalatacce" da "fasasshe", kalmomin da muke faɗa wa kayan da aka gama da su. "Mai nakasa" ya fi sauƙi, don mutum ne da ke ɗauke da wani abu. "Miskini" a Larabci matalauci ne mabuƙaci, kuma duk ran da muka kira yaro da ita saboda ƙafarsa, mun miƙa masa ƙoƙon bara tun bai san hagu da dama ba. Ni kaina ban gama warware komai ba, har yau "keken guragu" nake cewa don ban sami wadda kowa zai gane ba. In kun rasa, ku tambayi masu abin. Manyansu na nan, suna da ƙungiyoyi, suna da sarakunansu masu rawani, kuma ba duka bakinsu ɗaya ba, wani zai ce shi makaho ne kuma yana alfahari. Babba yana da ikon zaɓar abin da za a kira shi. Yaro ne bai kai ga zaɓa ba, shi ya sa nauyin ke kanmu.

Abin ya wuce ɓacin rai. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 a duniya ke da wata nakasa, wato ɗaya cikin goma. Ku ƙirga yaran layinku ku gani ko nawa kuke gani a waje, sauran suna ɗaka. A nan Kamaru muna da doka mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilun 2010, wadda ta tanadi kariya da tallafi ga masu nakasa, ciki har da sauƙin karatu, da kati na musamman da ake nema ta hannun ma'aikatar jin daɗin jama'a, da hukunci ga shugaban makarantar da ya nuna bambanci wajen ɗaukar ɗalibi. Amma uban da aka saba kiran ɗansa da sunan kunya ba zai riƙo hannunsa ya ratsa gari da shi zuwa ofis ba. Yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2006 ta faɗi abin da na gani da idona, cewa nakasa ba a jiki kaɗai take ba, tana samuwa ne inda lalurar jiki ta ci karo da shingen da mutane suka gitta, na gini ko na ɗabi'a. A teburin mai shayi Abba bai rasa komai ba. Shingen a cikin sanarwa aka gitta masa.

Sai wasan kwaikwayo. Na sha dariya a shagona da wasanninku, Allah ya saka. Amma ku lura sau nawa abin dariyar shi ne kurman da aka ce masa "ina kwana" ya ce "na ci tuwo", ko mai i'ina da ake jira ya ƙarasa kalma. Da safe yara ke kwaikwayon muryar a hanyar makaranta, kuma a kowane aji akwai wanda ake kwaikwaya dominsa. Annabi Musa (AS) ya roƙi Ubangiji ya warware masa ƙulli daga harshensa, yana nan a Suratu Ɗaha. Ku sa kurma a wasa, ina so ma ku sa shi, amma ya zama tela ko ɗan kasuwa ko mai neman aure, dariyar ta fito daga halinsa kamar kowa. Haka in za ku nemi taimako wa yaro mara lafiya, ku faɗi sunansa in iyaye sun yarda, ku faɗi abin da ake buƙata da kuɗinsa, ku bar "wannan abin tausayi" da sautin makoki. Yaron zai girma, kuma muryar da aka naɗa tana yawo a WhatsApp ba ta tsufa.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Ku zauna a ɗakin labarai, ku gayyato iyaye biyu ko uku, da malamin kurame, da wani daga cikin makafi, da likita ko ma'aikaciyar jinya, ku fitar da 'yar takarda ta kalmomin da gidanku ya yarda da su, a manna ta kusa da makirfo yadda sabon ma'aikaci zai tarar. Cigiya kuma a karanta ta yadda mai ita ya rubuta, in akwai abin da ba a gane ba a tambaye shi kafin ya fita. Ranar 3 ga Disamba, wadda aka keɓe wa masu nakasa tun 1992, ku ba yaran kansu fili, ba jami'ai kaɗai ba. Kurma ma yana iya hira a rediyo in an zo da mai fassara, kuma na san waɗanda za su zo ba tare da an biya su ko dala ba.

Abba yanzu shekararsa goma sha ɗaya. Bayan makaranta yana zuwa shago, ya iya sa maɓalli da kalmasa, ya fara hawa keken ɗinki. Wani lokaci yakan ɗora tafin hannunsa a kan rediyon, ya ji tana rawa, ya tambaye ni da hannu me kuke cewa. Nakan ajiye almakashi in fassara masa duk abin da na iya. In kun shirya zaman da na ambata, ku yi sanarwa a shirinku na safe, zan ji, kuma zan zo da shi.

Wassalamu alaikum.

Naku mai saurare,
Baban Abba, tela a Garwa